Tambayi Mai Haɗa Magani: "Bincike Ya Tabbatar", Amma a Jikin Wa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan fitowa kusan duk a wuri ɗaya suka haɗu: itatuwan da ake sha ko ake shafawa don ciwon jiki da kumburi, da yadda mu 'yan boko muke gwada su. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, tana nan a layi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni direban babbar mota ne, ciwon baya ya hana ni sakat. An turo mini saƙo a WhatsApp cewa wata jami'a ta tabbatar sassaƙen maɗaci ya fi diklofenak kashe ciwo. Da na karanta har ƙasa sai na ga ashe a kan ɓeraye aka gwada. To ɓera dai ba ya magana. Ta yaya aka san ya ji sauƙi? Daga mai karatu a Gusau.

AMSA: Malam direba, Allah ya tsare hanya. Kai dai ka kai ƙarshen saƙon. Yawancin masu turawa a layin farko suke tsayawa.

Ɓera ba ya faɗa da baki, amma jikinsa yana nunawa, kuma abin da muke ƙirgawa ke nan. Bari in ɗauko maka aikin daga tushe. Ana zuwa daji a saro sassaƙe, a haɗa da reshe mai ganye, da fure ko 'ya'ya in an dace, a kai wa masanin tsirrai ya tabbatar wace bishiya ce, a ajiye samfuri a ba shi lamba. Sai a shanya sassaƙen a inuwa, a daka, a jiƙa garin a ruwa ko a sinadarin metanol ko etanol na kwana biyu zuwa uku, a tace, a ƙafar da ruwan. Ɗan abin da ya rage a gindin kwano, mai duhu mai danƙo, shi ake aunawa a ba dabba gwargwadon nauyinta, miligiram kaza ga kowane kilo.

Ɓerayen ba na rumbu ba ne. Farare ne da ake kiwo musamman don wannan aiki. Ana raba su rukuni-rukuni, galibi biyar ko shida a kowane rukuni. Rukuni ɗaya ruwa kawai ake ɗura masa. Ɗaya a ba shi maganin asibiti da aka san ƙarfinsa, kamar asfirin ko diklofenak ko mofin. Sauran ukun a ba su tataccen itacen: kaɗan, matsakaici, da mai yawa. In babu rukunin ruwa ɗin nan, aikin gaba ɗaya hira ce, domin babu abin da za a gwama da shi.

Gwajin da aka fi yi a jami'o'inmu, saboda arharsa, tun 1959 aka san shi. Ana yi wa ɓera allurar ruwan asid mai rauni, irin wanda ke sa ruwan kal tsami, a kogon cikinsa. Cikin 'yan mintoci sai ya fara murɗa ciki, yana miƙe ƙafafun baya yana goga tumbi a ƙasa. Mutum zai zauna da agogo yana ƙirga murɗawar. A misali, idan 'yan rukunin ruwa sun yi murɗa 30 kowannensu, waɗanda suka sha itace suka yi 15, sai a rubuta cewa itacen ya rage ciwo da kashi 50 cikin 100.

Akwai na faranti mai zafi. Ana ɗora ɓera a kan ƙarfen da aka ɗumama zuwa wajen digiri 55, a duba daƙiƙa nawa zai yi kafin ya lashi daginsa ko ya yi tsalle, a ɗauke shi da sauri kada ya ƙone. Wannan gwaji mofin da danginsa yake kamawa, masu aiki a ƙwaƙwalwa da laka. Asfirin ba ya taɓuka abin kirki a nan. In itace ya yi aiki a faranti, mai bincike na ƙwarai zai ƙara da allurar nalokson, wadda ke toshe ƙofar da mofin ke bi. Idan aikin itacen ya ɓace bayanta, an gane ta wannan ƙofa yake shiga.

Wanda na fi so shi ne na famalin, sinadarin nan da ake adana gawa da shi. A 1977 aka fito da gwajin, kuma ya fi sauran bayani. Ana ɗiga allurar famalin a tafin ƙafar baya, ɓera ya yi ta lasa da cizon wurin har zubi biyu. Zubin farko mintoci biyar ne na farko, lokacin da sinadarin ke taɓa jijiya kai tsaye. Sai ya lafa. Daga wajen minti 15 zuwa 30 ya sake tashi, wannan karon saboda kumburi. Mofin yana kwantar da zubin duka biyu, su asfirin da diklofenak kuwa na biyun suka fi taɓawa. Da gwaji ɗaya sai ka fara hango dangin da itacen ya fi kama da su.

Na kumburi kuma, tun 1962 ake amfani da karajinan, wani sinadari da ake samu daga jar ciyawar teku. A yi allurarsa a tafin ƙafa, ƙafar ta dinga hawa har ta kai ƙarshen kumburinta tsakanin awa uku zuwa biyar, ana aunawa duk bayan awa.

Yanzu ga maɗaci. Gaskiya ne an yi irin waɗannan gwaje-gwaje a kansa a jami'o'in Afirka ta Yamma, an kuma ga kumburi ya ragu a ɓeraye. Haka nan akwai binciken da ya ga alamun wahalar hanta a ɓerayen da aka ɗauki makonni ana ba su. Wannan ɓangaren ba ya shiga WhatsApp. Batun "ya fi diklofenak" kuwa, duba awon. An saba ba ɓera diklofenak miligiram 10 a kilo, tataccen itace kuma 200 ko 400. Ko da sakamakon ya zo daidai, an zuba na itace ninki 20 zuwa 40 kafin a kamo. Sannan ciwon da aka ƙirƙira wa ɓera na rabin awa ne, naka kuwa na shekaru ne, daga zama a kujerar mota da girgizar hanya. Ko magungunan da suka tsallake gwajin dabbobi suka shiga gwajin mutane, wajen tara cikin goma ba sa kai wa kasuwa.

Kai ma diklofenak ɗin kada ka mai da shi goro. Shan sa kullum yana kawo gyambon ciki, yana cin ƙoda, musamman ga mai wuni a zafi ba ya shan ruwa sosai. In ciwon yana sauka ƙafa, ko ƙafar tana dindiris, ka je a duba ka. In kuwa fitsari ko bayan gida ya fara kuɓuce maka, ajiye motar a ranar ka nufi asibiti.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Shekaruna sun haura 60, gwiwoyina biyu suna ciwo, sallah ma a zaune nake yi. Ɗiyata ta aiko mini da ƙwayoyi daga Faransa, ta ce daga dangin itacen hano aka yi su, na kuma ji dama. Sun ƙare. Tunda ga hano a dajinmu, in dafa sassaƙensa in sha? Daga wata Hajiya a Maraɗi.

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Ɗiyarki ta yi gaskiya, 'yan gida ɗaya ne, amma ba itace ɗaya ba ne. Ƙwayoyin nan yawanci daga Boswellia serrata ake yin su, itacen ƙasar Indiya, kuma daga ƙaronsa. An gwada shi a kan mutane masu ciwon gwiwa, an ga ɗan sauƙi, ko da yake gwaje-gwajen ƙanana ne, na 'yan watanni. Namu hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, sunansa Boswellia dalzielii, kuma abin da aka fi gwadawa a kansa sassaƙe ne a jikin dabbobi. Ƙaro daban, sassaƙe daban, itacen ma daban. Saboda haka ba zan iya ce miki kofi kaza na dafaffen hano ya yi daidai da ƙwaya ɗaya ba. In kina shan maganin hawan jini ko na sukari, ki faɗa wa likitanki kafin ki ƙara komai a kai. Abin da aka tabbatar yana taimakon gwiwa kuma ba ya cin kuɗi shi ne rage ƙiba in akwai ta, da motsa naman cinya kullum, ko a zaune ne.

TAMBAYA: Ɗana, na gaji sana'ar magani daga mahaifina, shi ma daga nasa. Yaran jami'a sun sha zuwa rumfata da takarda da biro, su tambayi wane itace ne na sanyin ƙashi, in faɗa musu, su tafi, ban sake ganin ƙeyarsu ba. Wani ya ce mini wai a giya suke jiƙa itacen. Ni kuwa da ruwa da jar kanwa nake dafawa, a sha da kunu. To maganina suka gwada ko nasu? Jikana ne ya rubuta mini wannan. Daga wani dattijo mai magani a Bichi.

AMSA: Baba, ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Nasu suka gwada.

Metanol ba giyar sha ba ce, guba ce ma, kuma ana ƙafar da ita kafin a ba dabba, don haka ku kwantar da hankalinku ta wannan fuska. Amma ƙorafinku yana kan hanya. Abin da ruwa ke jawowa daga itace ba shi metanol ke jawowa ba. Wuta tana kashe wasu sinadarai, tana sake wa wasu kama. Kanwa ma tana da nata aikin a tukunya. Ku kuma ba itace ɗaya kuke zubawa ba, kuna haɗa uku ko huɗu, a sha da abinci. Wanda ya jiƙa ganye ɗaya a metanol ya yi wa ɓera allura a ciki, sannan ya rubuta cewa ya tabbatar ko ya ƙaryata maganin gargajiya, ya faɗi abin da bai gwada ba. Ina gaya wa ɗalibaina su fara da yadda mai magani ke haɗawa, su auna ruwansa da kanwarsa da daɗewar tafasarsa, daga baya su zo kan metanol.

Akwai labarin da ke mara muku baya. A ƙasar Sin, wata mai bincike, Tu Youyou, tana neman maganin zazzaɓin cizon sauro daga wani ganye dangin tazargade. In an dafa, sakamakon ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sai ta koma wani tsohon rubutun likitancinsu na sama da shekara 1,600, ta ga an ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha, ba a ambaci wuta ba. Ta sauya hanya, ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba, a 1971 ya yi aiki. Daga nan aka samu atimisinin, tushen maganin maleriya da ake sha yau a ko'ina, ita kuma ta karɓi kyautar Nobel a 2015.

Batun tafiya ba waiwaye kuwa, abin kunya ne gare mu, alhali a ƙasar nan an taɓa yin yadda ya kamata. A shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗin maganin sikila daga hannun wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale. Haɗin ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen dawa da wani itace na kudu. Aka yi yarjejeniya a rubuce, aka sa sunansa cikin masu haƙƙin mallaka, aka gwada a dabbobi, aka gwada a marasa lafiya, aka ga tashin ciwon ya ragu. Shi ne Niprisan. Kamfanin da aka fara ba lasisin sarrafa shi ya durƙushe, maganin ya yi shekaru ba ya kasuwa, amma wannan matsalar kasuwanci ce. In yaran sun dawo, ku nemi takarda daga makarantarsu, da sunan malaminsu, da alkawari a rubuce cewa za a kawo muku sakamako. Ba rowa ba ce.

Sai dai, Baba, ku ba ni izini in faɗi nawa. Wanda ya sha maganinku ya ji daɗi shi ke dawowa da godiya. Wanda bai ji ba yakan wuce wata rumfar, ba ku da labarinsa. Sanyin ƙashi kuma ciwo ne mai tashi ya lafa da kansa, mutum kuwa ranar da ya fi tsanani yake neman magani, don haka ko me ya sha, jibi zai fi yau. Mu ma a asibiti wannan tarkon yana kama mu. Shi ya sa a gwajin mutane ake ba rabinsu ƙwayar da ba komai cikinta, ba su sani ba, likitan ma bai sani ba, kuma a ciwon jiki da yawa daga cikinsu sukan ce sun ji sauƙi. Ku sa jikan nan naku ya buɗe littafi, ya dinga rubuta wanda ya zo, da abin da aka ba shi, da yadda ya kasance bayan mako biyu, har da waɗanda ba su dawo ba, a bi sawunsu. Littafi irin wannan ya fi rabin takardun da ke kan teburina amfani.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina ajin ƙarshe a sashen harhaɗa magunguna. Na gwada ganyen marke a kan kumburin ƙafar ɓera. Ba mu da karajinan, da farin ƙwai na yi. Tataccen ganyen, da na yi musu allurarsa a ciki, ya fi maganin asibiti indometasin rage kumburi, kuma har miligiram 5,000 a kilo ta baki bai kashe ko ɗaya ba. Maimakon yabo, malamina ya ce in sake. Ina laifina? Daga wata ɗaliba a Sakkwato.

AMSA: 'Yata, ki gode wa Allah da ya ba ki malami irin wannan. Farin ƙwai ba laifi ba ne, da shi aka yi ayyuka da dama a ƙasar nan, sai dai kumburinsa ya fi saurin tashi da saurin faɗawa, don haka ki yi hattara wajen cewa kin ga abin da ake gani a awannin ƙarshe na karajinan.

Babbar matsalar tana wurin allura. Marke cike yake da tanin, sinadarin nan mai bauri da ya sa majema ke jima fata da bagaruwa. Tanin yana kama furotin ya ƙanƙame shi. In kika zuba shi a kogon cikin ɓera, zai ƙona wurin ya tayar da nasa kumburin, kuma sananne ne cewa in jiki ya shagala da ɓarna a wani wuri, kumburin ƙafa yakan ragu. Sai ki yi wa rogo kallon kitse. Mutane dai sha suke yi, don haka ki ɗura ta baki ki gani ko aikin zai tsaya. Wannan tanin ɗin ne kuma ke sa itatuwa da yawa su yi abin mamaki a kwalbar gwaji, a jiki kuma shiru, saboda hanji ba ya tsotsar sa sosai.

Na biyu, wa ya auna ƙafar? In ke ce kika ba da magani, ke ce kuma kika naɗa zare ko kika matsa ma'auni, kin san wane ɓera ne ya sha naki, to hannunki zai taimaki zuciyarki ba da saninki ba. Ki sa abokiyar karatunki ta ba da maganin ta ɓoye miki lambobin, ke ki auna a makance.

Na uku, in za ki ƙara da gwajin murɗa ciki, ki tabbata ɓerayenki ba barci suke ji ba. Duk abin da ke sa kasala ko sakin jiki zai rage murɗawa ko da ciwon na nan daram. Akwai na'ura mai sanda mai juyawa da ake ɗora su a kai. Wanda ya faɗo da wuri, maye ne ya kama shi.

Sai zancen miligiram 5,000. Hanyar Lorke ta 1983 da kuke bi ɓeraye 13 take ci, kuma mutuwar kwana ɗaya take dubawa. Abin da kika gano shi ne shan sa sau ɗaya ba ya kisa nan take. Kada ki rubuta "ba shi da illa". A farkon shekarun 1990, a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace bayan sun ɗauki watanni suna shan haɗin rage ƙiba da wani tsiro na dangin Aristolochia ya shiga cikinsa, wasunsu har da sankarar hanyar fitsari daga baya. Duman dutse da ake sayarwa a kasuwanninmu ɗan wannan dangi ne. Irin wannan ɓarna sai an ba dabba kwana 28 ko 90, an auna jini, an yanka hanta da ƙoda an duba, sannan ake fara ganin ta.

In za ki kimanta awon mutum, ba a ɗauko na ɓera kai tsaye. Na babban nau'in ɓera (rat) ana raba shi da 6.2, na ƙaramin nau'i (mouse) da 12.3. Miligiram 200 a kilo na babban ɓera zai zama kusan giram 2 na tatacce ga mai kilo 60. Ki lissafa ganye nawa ke ba da giram 2, ki ga ko akwai mai shan haka.

In kin sake kika ga babu komai, ki rubuta babu komai. Kantocin ɗakunan karatunmu cike suke da kundayen ɗalibai, kusan kowane itace a ciki "ya nuna gagarumin tasiri". Da haka abin yake, da tuni mun daina sayo farasitamol daga waje.

TAMBAYA: Malam, mijina ya sayo wani maganin gargajiya na kwalba a tasha don ciwon gaɓoɓi. Dare ɗaya ciwon ya ɗauke. Wata uku ke nan yana sha. Yanzu fuskarsa ta yi fam, tumbi ya fito, ga yawan fitsari da ci. 'Yan'uwansa na cewa hutu ne. Ni hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwargida a Funtuwa.

AMSA: Uwargida, hankalinki ya fi na 'yan'uwansa gaskiya. Ban ga kwalbar ba, amma abin da kika zayyana shi ne kamannin wanda ya daɗe yana shan deksametason ko danginsa, wanda 'yan mata ke nema da sunan sha-ka-fashe. Tsohuwar dabara ce a ƙasashe da yawa: a niƙa ƙwayar asibiti, deksa ko diklofenak ko firoksikam, a zuba a tsimi a ce sirrin kakanni ne. Itacen da zai ɗauke ciwon gaɓoɓi na shekaru a dare ɗaya, ni dai ban gamu da shi a ɗakin gwaji ba.

Kada ya daina sha farat ɗaya. Bayan wata uku jiki ya rage yin nasa sinadarin, yankewa kwatsam tana iya kayar da shi, jininsa ya faɗi ƙasa. Ku je asibiti cikin makon nan da kwalbar a hannu, a auna sukarinsa da hawan jini, likita ya tsara yadda za a janye a hankali.

Ga sauran masu karatu: in kun ga lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Nijeriya, a maganin gargajiya tana ƙarewa da harafin L, ma'anarta an duba tsabtarsa da rashin gubarsa ta kusa, an sa shi a jeri. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka lissafa a jikinsa, kuma hukumar da kanta takan sa a rubuta haka a takardar kwalba, da ƙananan haruffa. Wanda babu lamba sam, ko mai lambar da aka ƙaga, wannan ba a ma fara magana ba. Za ku iya kai rahoton irin wannan kwalba ofishin hukumar na jiharku.

TAMBAYA: Malam, ya halatta a azabtar da dabba don gwaji? Daga wani ɗalibin ilimi a Kumasi.

AMSA: Malam, fatawa ta malamai ce, ni mai haɗa magani ne. Abin da zan iya faɗa shi ne ƙa'idar aikinmu, wadda wasu masana biyu na Ingila, Russell da Burch, suka shimfiɗa a 1959: in akwai hanyar da ba ta buƙatar dabba a bi ta, in babu a rage yawansu, a kuma rage musu wahala iya iyawa. Jami'o'i suna da kwamitin da ke duba aiki kafin a fara. Mun kuma san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ba ci ba sha. Abin da ke damuna shi ne gwajin da aka yi shi sakaka, ba a koyi komai daga gare shi ba. Waɗannan ɓeraye sun sha wuya a banza, kuma wannan nauyi yana kan malamin da ya sa hannu.

TAMBAYA: Malam, kakata tana shafa mana dakakkiyar saiwar sanya in mun yi targaɗe. Na lura ƙamshinta sak na man zafin da ake sayarwa a kemis. Dace ne kawai aka yi? Kuma ana iya jiƙawa a sha don ciwon jiki? Daga wani matashi a Azare.

AMSA: Ɗana, hancinka bai yaudare ka ba. Saiwar sanya, wadda ake yi wa kirari da uwar magunguna, mafi yawan abin da ke tashi daga cikinta sinadarin metil salisilet ne, shi ne kuma ke cikin man zafi da yawa na kemis. Ɗan'uwan asfirin ne na jini. A 1763 wani limamin coci a Ingila, Edward Stone, ya ba da rahoton cewa sassaƙen itacen wilo yana sauke zazzaɓi. A 1897 Felix Hoffmann na kamfanin Bayer a Jamus ya haɗa asfirin mai tsabta daga wannan dangin sinadari. Ba a san yadda yake aiki ba sai a 1971, da John Vane ya nuna yana hana jiki yin firostagilandin, wato abin da ke rura kumburi da raɗaɗi. Kakarka tana kan wannan hanya tun kafin a haife ka.

Shafawa a kan lafiyayyar fata, ba a kan rauni ba, ba kusa da ido ba, ban ga abin tsoro ba, sai ga mai borin jini da asfirin, da jarirai. Sha kuwa, a'a. Cokalin shayi ɗaya na tsantsar man metil salisilet ya kai ƙarfin ƙwayar asfirin ta manya wajen 20, ya isa ya kashe ƙaramin yaro. Saiwar ba tsantsar mai ba ce, amma babu mai iya gaya maka nawa ne a cikin wadda ka haƙo, ga kuma wasu sinadarai masu ƙona ciki a tare da shi, kuma an samu mace-mace daga wannan saiwa a wasu ƙasashen Afirka. Mai ciki, da mai gyambon ciki, da mai shan maganin tsinka jini, su nisance ta gaba ɗaya. Targaɗen da ya kwana uku ba a iya taka ƙafa, ko wurin ya karkace, a je a ɗauki hoton ƙashi kafin a ci gaba da shafe-shafe.